Yadda ake sa ƙwayoyin asid su jera kansu a kan zinare cikin ruwa

Duk ɗalibin da aka ba wannan aiki, abin da ke ransa shi ne hoton nan mai kama da saƙar zuma, inda ƙwayoyin asid ɗin tiramesik suke kwance shida-shida a fuskar zinare, kowane zobe da rami a tsakiyarsa. Hoton ba ƙarya ba ne, kuma kai ma za ka iya ɗaukar irinsa. Sai dai ka sani tun yanzu, ƙwayoyin ba sa neman taimakonka wajen jeruwa. Abu biyu kawai suke jira daga gare ka: fili mai tsabta, da boltej ɗin da ya dace. A nan gizo ke saƙar, saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Ƙwayar tiramesik, wadda muke taƙaitawa da TMA, zoben benzin ce mai hannu uku na COOH, tsakanin kowane hannu da ɗan'uwansa digiri 120. Idan biyu suka haɗu, hannun wannan ya kama na waccan da igiyar haidurojin guda biyu. Da yake kowace tana da hannu uku, sai riƙon ya yi ta yaɗuwa har ya zama raga mai kusurwa shida. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi nanomita 1.6 zuwa 1.7 ne, faɗin ramin kansa kuma wajen nanomita 1.1. 'Yan uwanta masu hannu biyu ba sa yin haka. Terefitalik, wadda hannayenta ke duban gabas da yamma, layi miƙaƙƙe take ja, isofitalik kuma layi mai lanƙwasa. Ni dai shawarata ka fara da TMA, ko ba komai terefitalik da ƙyar take narkewa a ruwa, za ta ɓata maka lokaci tun kafin ka kunna na'ura.

Akwai wani rukunin asid da ake yawan haɗa zancensa da wannan, wato masu ɗauke da salfa a wutsiya, irin su MPA da MUA. Waɗannan harkarsu daban. Salfa tana cizon zinare ta riƙe gam, ka tsoma zinaren a cikin itanol mai ɗauke da su ya kwana, ka ɗauraye, shi ke nan shimfiɗa ta zauna. Tun aikin Nuzzo da Allara na 1983 ake ta yin wannan. TMA kuwa riƙonta da zinare sako-sako ne, kuma daɗin aikin ke nan: kana murɗa boltej, tsarin yana rushewa yana sake ginuwa a gaban idonka. Gargaɗi ɗaya: kofin da ya taɓa ɗaukar mai salfa kada ya kusanci aikin TMA, ko an wanke.

Wanki

Santimita ɗaya murabba'i na fuskar Au(111), wato fuskar zinaren da atam ɗinta ke jere a tsari mai kusurwa shida, tana ɗauke da atam na zinare kusan 1.4 × 10¹⁵. Adadin ya yi kama da mai yawa, amma idan ka mayar da shi nauyi, dattin da zai rufe wannan fili kaf bai kai maikurogiram ɗaya ba. Maiƙon da yatsanka zai bari a bakin kofi ya ninka haka. Wannan lissafin ne ya sa mutanen wannan fanni suke wanki kamar masu tsoron wani abu.

Ruwa dai sai mai juriyar 18.2 MΩ·cm, wanda ka tara yanzu daga na'urar tacewa, ba wanda ya kwana a robar matsawa ba. Kayan gilashi da na Teflon a jiƙa su su kwana a ruwan famanganet, washegari a ɗauraye da ruwan faroksayid mai ɗan asid don ya kwashe baƙin tabon da famanganet ya bari, sannan a tafasa su a ruwa mai tsabta, a zubar, a sake tafasawa, sau da yawa. Wasu sun fi son haɗin salfurik mai kauri da faroksayid, wanda ake kira firana. Yana aiki sosai, amma ba abin wasa ba ne: cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake haɗa shi, da tabarau da safar hannu mai kauri, ana zuba faroksayid a kan asid kaɗan-kaɗan, ba a rufe shi a kwalba, kuma asiton ko itanol ba sa zuwa kusa. Haka ma asid ɗin fakulorik mai kauri, idan ya yi zafi ya haɗu da takarda ko wani abu mai ƙonewa, fashewa yake yi.

Gwajin gilashi mai sauƙi ne. Ka zuba ruwa ka karkata kofin. In ruwan ya sauka a shimfiɗe bai bar ɗigo-ɗigo ba, ya wanku. In ya tattaru ya yi ƙwallaye, koma tukunya.

Zinaren da kansa

Kana da zaɓi uku. Akwai faifan kiristal da aka yanka a fuskar (111), akwai zinare da aka turara a kan maika kaurin nanomita ɗari biyu ko makamancin haka, akwai kuma ƙwallon da za ka narka da hannunka a bakin waya, bisa hanyar da Jean Clavilier ya fito da ita a Faransa a 1980, da farko don filatinam. Na maika yana da sauƙin samu amma sau ɗaya ko biyu ake morarsa. Ƙwallon ya fi koyar da mutum.

Ka samu wayar zinare mai tsarkin 99.99 cikin ɗari ko sama, kaurin rabin milimita zuwa ɗaya. Ka riƙe ta a tsaye, bakinta na ƙasa, ka kawo ƙaramin harshen wutar haidurojin da oksijin. Zinare yana narkewa a digiri 1064, sai ka ga bakin wayar ya tattaru ya zama ɗigo yana hawa sama. Idan ya kai milimita biyu zuwa uku, tsaya. Daga nan ne aikin yake: ka janye wutar a hankali yadda daskarewar za ta faro daga wuyan waya ta gangaro ƙasa. Za ka ga iyakar da ke tsakanin narkakke da daskararre tana tafiya a jikin ƙwallon kamar layi. In ta tafi sannu ba tare da tsalle ba, kiristal ɗaya ka samu. Ka duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga ƙananan fuskoki zagayayyu, sumul, suna ƙyalli. Manyan guda takwas su ne (111). Waɗannan fuskokin STM, wato na'urar da ke ɗaukar hoton atam da bakin allura mai tsini, yana iya sauka a kansu kai tsaye. Don gwajin CV kuwa, awon lantarkin da za mu zo kansa, sai an daidaita ƙwallon an yanke shi an goge, ko ka yi amfani da faifai.

Kafin kowane gwaji, ana gasa zinaren. Ka rage hasken ɗaki, domin da ido ake auna zafin. Ja mai duhu zuwa ruwan lemo kake nema, na 'yan mintoci, kana kaɗa wutar kada ta tsaya wuri ɗaya. In ya fara yin fari-fari, kana dab da narka kiristal ɗin da ba ka da na biyunsa. Sanyayawa kuma a hankali, a cikin iskar agon in akwai. Kada ka tsoma shi a ruwa yana ja, girgizar zafin tana ɓata kiristal daga ciki, kuma ɓarnar tana taruwa. Da ya huce, ɗora masa ɗigon ruwa mai tsabta ya rufe fuskar, ka ɗauke shi da hantsaki zuwa sel, wato mazubin da ake yin gwajin a ciki.

Gashin nan ba ƙone datti kawai yake yi ba. Yana sa layin atam na sama ya matse, atam 23 su zauna a gurbin 22, matsi na kusan kashi huɗu cikin ɗari. Saboda cunkoson, fuskar takan ɗan yi tudu da kwari, layuka bibbiyu da ke maimaituwa duk nanomita 6.3, suna karyewa zikzak. Wannan ne tsarin da ake kira ƙashin kifi. Riƙe shi a ranka, zai dawo.

Ka fara sanin zinaren shi kaɗai

Abin da nake hana kowa tsallakewa ke nan. Kafin ƙwayar TMA ko ɗaya ta shiga sel, ka ɗauki CV na zinare a cikin salfurik 0.1 M zalla. CV dai shi ne ka riƙa hawa da boltej kana saukowa a gudu ɗaya, kana rubuta lantarkin da ke gudana.

Ka busa agon a cikin ruwan na minti 15 zuwa 20 don korar oksijin, sannan ka ɗaga bututun ya riƙa hurawa a saman ruwa. Ka haɗa wayoyi, ka saita boltej wajen sifili a ma'aunin SCE, wato ilektirod ɗin awo da ake gwada boltej da shi, tun zinaren bai taɓa ruwa ba, sannan ka sauke shi. Da ya taɓa, ka ɗan ɗaga shi yadda ruwan zai rataye a fuskar ƙasa kaɗai, gefe ya zauna a bushe. In gefe ya jiƙe, sauran fuskokin kiristal za su sa baki a zanen. Dalilin shiga da boltej a kunne kuwa, in ka bar zinaren ya zaɓi nasa, yakan haura sama, ƙashin kifin ya warware kafin ka fara komai.

Yanzu ka hau da gudun milibolt 10 zuwa 50 a daƙiƙa. Wajen 0.3 V za ka ga tsini na farko: salfet ɗin da ke cikin salfurik ta fara zama a kan zinaren, matsin ya saki, fuskar ta koma tsarinta na asali. Sai wani tudu mai faɗi. Sannan wajen 0.78 V, wani siririn tsini mai kaifi, da takwaransa a hanyar dawowa. Wannan shi ne lokacin da salfet ke jeruwa a tsarin (√3 × √7), kuma ba ta iya yin haka sai a fili mai faɗi, mai tsabta. Shi ne alƙalinka. In ya fito siriri dogo, ci gaba. In ya fito guntu, ko ya baje, ko babu shi, to ko zinaren bai gasu ba, ko ruwan da datti, ko gilashin. Duk hoton da ka ɗauka a kan wannan fili aikin baban giwa ne, ko ya yi kyau a ido.

Ka juyo daga wajen 0.9 ko 1.0 V. In ka zarce har zinaren ya yi oksayid, da ka sauko za ka bar fuskar da ramuka, sai an sake gashi.

Maganar ilektirod ɗin awo: SCE da Ag/AgCl duk suna yoyon kulorayid, kulorayid kuma yana son zinare fiye da yadda TMA take son sa. Kaɗan ya isa ya canza maka zane. Ka yi amfani da na makuri-salfet, ko na haidurojin, ko ka ware SCE a wani ɗaki na daban da gada mai tsawo. Kuma duk lambar boltej da ka rubuta, rubuta ma'auninta a gefe. Rabin gardamar da ake yi a kan waɗannan tsare-tsare, mutum biyu ne ke magana da ma'auni daban-daban ba su lura ba.

Zuba asid

Nauyin mol ɗaya na TMA giram 210 ne, saboda haka miligiram 21 a mililita 100 zai ba ka kaurin milimola ɗaya a kowace lita. Tsakanin milimola 0.1 da 3 a kowace lita ake yawan aiki. Yawan yana da tasiri: ruwa mai tsarari ya fi ba da saƙar zuma mai ramuka, mai kauri kuma yana tura ƙwayoyin su matsu su yi tsarin da ya fi cunkoso. In saƙar zuma kake so, fara daga ƙasa.

Ruwan da za ka narka ta a ciki, ko fakulorik 0.1 M ko salfurik 0.05 M. Dole ya zama mai asid, domin a pH wajen ɗaya ne hannaye ukun ke riƙe da furoton ɗinsu. In pH ya haura biyar, hannayen sun zama COO⁻, caji iri ɗaya, sai ture juna maimakon riƙo. Fakuloret, wadda ke fitowa daga fakulorik, ba ta cika manne wa zinare ba, ba ta takara da TMA. Salfet tana takara a boltej na sama, amma ita ce ke da tsinin da kake gwada tsabta da shi. Ni nakan tantance zinaren a salfurik, in sake gasawa, in yi ainihin aikin a wanda tambayata ta fi buƙata.

Sabon CV zai bambanta. A ɓangaren ƙasa lantarkin zai ragu ya kwanta, alamar ƙwayoyi sun kori ruwa daga fuskar sun shimfiɗu. Can sama za ka ga manyan tudu masu faɗi, inda caji ke wucewa da gaske. Tsinin salfet zai raunana ko ya ɓace, an riga ta zama a wurin. Ka buga wannan zanen ka manna kusa da na'urar STM, domin shi ne taswirar da za ta gaya maka a wane boltej ya kamata ka tsaya ka duba.

Gani da STM

Binnig da Rohrer ne suka ƙera STM a 1981 a ɗakin binciken IBM da ke Zurik. Zuwa 1986 Sonnenfeld da Hansma sun nuna yana aiki a cikin ruwa, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma an haɗa shi da sarrafa boltej, ciki har da aikin Itaya a Japan. Matsalar ruwa ita ce allurar kanta ilektirod ce. Lantarkin da kake aunawa tsakanin bakinta da zinare bai wuce fikoamfiya hamsin zuwa nanoamfiya ɗaya ba, alhali jikin allura tsirara a ruwan asid zai iya jan abin da ya ninka haka. Don haka ake rufe ta duka, a bar ɗan bakin kawai.

Ana cinye wayar tangistin a ruwan NaOH ko KOH har ta tsinke ta bar baki mai tsini, ko a yi amfani da filatinam-iridiyam. Rufi kuma da kakin Apiezon, ko narkakken foliyetilin. Wasu suna shafa jan farce, yana yi a gajeren aiki, amma ni ban yarda da shi a gwajin da ya shafi ƙwayoyin kabon ba, don ban san me yake saki a ruwa ba. Ka tsoma allurar nesa da zinare ka duba yoyonta. In ya wuce fikoamfiya goma, ɗauki wata. Ka shirya da yawa tun da safe, galibinsu ba za su yi ba. Fotenshiyostat ɗin kuma, wato na'urar da ke saita boltej, mai baki biyu ne, yana riƙe boltej ɗin zinare da na allura kowanne daban.

Sel na STM ƙarami ne, ba ya ɗaukar babban ilektirod, shi ya sa ake sa wayar filatinam a matsayin ma'auni. Tana zamewa, musamman bayan ka ƙara TMA. Ka ɗauki gajeren CV a cikin sel ɗin kansa, ka daidaita tudun da ka gani da na takardar da ka manna, a farkon aiki da ƙarshensa.

Nan ma zinare shi kaɗai tukuna. Ka nemi fili mai faɗin nanomita ɗari ko fiye, matakalar da ke gefensa tsayinta nanomita 0.24, wato atam ɗaya. In kana ganin layukan ƙashin kifi, allurarka da zinarenka duk lafiya. Sai ka janye allura kaɗan, ka ɗiga ruwan TMA, boltej na nan a ƙasa, ka ba shi lokaci. Minti talatin zuwa awa ɗaya na farko hoton zai yi ta ja gefe saboda zafin hannunka da na ruwa bai daidaita ba. Jira.

Abin da ke fara bayyana yawanci ba tsari ba ne, wani hazo ne mai motsi. Sannan a wani lungu sai ka ga ɗigo-ɗigo masu kusurwa uku sun tsaya cak, zobe ɗaya, biyu, sai yanki guda. Ka rage lantarkin allura, ka ƙara tazara, don in ta matso da yawa share su take yi. Idan hoton ya zauna, duba da kyau: layukan ƙashin kifi suna nan suna leƙowa ta ƙarƙashin ragar. Wannan shaida ce cewa ƙwayoyin kwanciya kawai suka yi, ba su taɓa tsarin zinaren ba.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne daɗi. Allura tana tsakiyar zana hoto, ka ɗaga boltej zuwa bayan babban tudun CV. Rabin hoton na sama saƙar zuma, daga layin da ka murɗa zuwa ƙasa hargitsi. Ka ci gaba da ɗauka a wuri ɗaya. Za ka ga ƙananan tsibirai masu tsayin atam ɗaya sun fito, su ne rarar kashi huɗun nan da aka matse, sun fito sama da ƙashin kifin ya warware. Bayan wasu mintoci sai layuka su fara fitowa, matsattsu, ba zobe ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne fuskar ta ɗauki cajin fozitif, hannu ɗaya ya saki furoton ɗinsa ya dafe zinare da oksijin biyu, ƙwayar ta miƙe tsaye, sauran hannayen na duban ruwa. Ƙungiyar Thomas Wandlowski ta ba da rahoton tsari biyar mabambanta na TMA a kan Au(111) cikin salfurik 0.05 M a 2005, daga masu kwanciya zuwa masu tsayuwa. Kada ka sa rai za ka gan su duka a rana ɗaya. Wasu suna buƙatar ka taka boltej a hankali, wasu sai ka yi tsalle, kuma hanyar da ka bi zuwa wani boltej tana iya canza abin da za ka tarar a can.

In ka sauko, ragar tana dawowa, amma a kan zinaren da ya riga ya canza, da tsibirai da yankuna ƙanana. Saboda haka hotunan da za ka auna, ɗauke su kafin hawan farko.

Awo kuma da hattara. Ka ɗauki hoto ɗaya allura na sauka, ɗaya tana hawa. In zoben ya miƙe a ɗaya ya gajarce a ɗayan, zamewa ce, ba sabon tsari ba. Ma'auninka shi ne tazarar atam na zinare, nanomita 0.288, ko tsarin salfet da ka riga ka sani. Kuma STM ba ya gaya maka ko hannu ya saki furoton, tudu da kwari na lantarki kawai yake nunawa. Wannan tambayar ta hasken infrared ce, hanyar SEIRAS, inda girgizar COO⁻ ke bayyana wajen 1400 cm⁻¹ daidai lokacin da ƙwayoyin suka miƙe, alhali suna kwance kusan ba a ganin komai. In ba ka da wannan na'ura, ka rubuta abin da ka gani, ka bar maganar furoton a matsayin abin da CV da aikin wasu suka nuna.

In ka ga gefen matakala yana rawa, tsibirai suna narkewa cikin daƙiƙoƙi, ka zargi kulorayid. In fili ya cika da dunƙule-dunƙule da ba sa motsi ko ka canza boltej, datti ne daga roba ko rufin allura. In komai ya fito bibbiyu, bakin allurar ne ya rabu.

Bayan an tashi, TMA tana fita da ɗauraya da gashi. In kuwa kiristal ɗin ya daɗe yana aiki har tsinin salfet ya ƙi dawowa, ka sa shi a salfurik 0.1 M, ka ba shi 'yan bolt na wasu daƙiƙoƙi da wayar filatinam a ɗaya gefen har fuskar ta yi ja-ja da oksayid, ka tsoma a HCl mai tsarari ya narke, ka maimaita sau biyu ko uku. Tunda ka kawo kulorayid da hannunka, ɗauraya ta ƙarshe ta zama mai yawa, a kofin da ba na gwaji ba, sannan gashi mai ɗan tsawo, sannan CV a salfurik zalla kafin ya sake ganin TMA.